Hoton da bai yi kama da mai shi ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan sana'ar da na ci abinci da ita, na yi aure da ita, na aurar da 'ya'ya da ita, wato ɗaukar hoto. Ba kukan kasuwa ne ya kawo ni ba. Situdiyona na daɗe da rufewa, kuma akwai waya a aljihuna da nake ɗaukar jikokina da ita. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ma'aunin da muke auna kyawun hoto da shi ya sauya a hannunmu, ba mu ankara ba. A da idan aka miƙa wa mutum hotonsa, 'yan'uwa suka taru a kai, yabon da ake yi shi ne "wallahi shi ne sak, kamar ka kira shi ya amsa." Yau yabon shi ne "kin yi haske," "fuskarka ta yi sumul." Kamanni ya fita daga lissafi, alhali don shi aka fara ɗaukar hoton mutane tun asali.

Na koyi aikin nan a Sabon Garin Zariya a ƙarshen shekarun 1970, a hannun wani Bayarabe, Allah ya saka masa da alheri, domin a wancan lokaci da yawa daga cikin masu situdiyo a garuruwanmu 'yan Kudu ne. Kyamarar da ya fara damƙa mini Yashica ce mai ido biyu, wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. Fim ɗinta mai lamba 120 hoto 12 kacal yake ɗauka, kowanne santimita 6 tsawo, 6 faɗi. Daga baya na koma Pentax K1000, mai cin ƙaramin fim na hoto 24 ko 36. Duk dannawa ɗaya kuɗi ce, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Saboda haka kafin yatsa ya taɓa maɓalli, ido ya gama aikinsa. Sai ka kalli mutum da kyau, ka ga ta ina haske yake faɗo masa, ka gyara masa zaman hula, ka ja shi da hira har kafaɗunsa su sauka, ya daina ƙame wuya irin na mai jiran allura. Ranar Sallah layi yakan kai bakin titi, amma maigidana bai yarda a yi wa kowa aikin gaggawa ba.

Babban jarrabawar mai hoto a ƙasar Hausa ita ce baƙin mutum cikin farar riga. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne ya ɗauki kowane wuri a matsayin tsaka-tsaki, ba fari ba, ba baƙi ba. Idan dattijo ya zo da babbar riga ta farar shadda da farin rawani, ma'aunin yana ganin fari ya cika wuri sai ya ce a rage haske. Ka bi shi, riga ta fito, fuska ta nutse, sai idanu da haƙora. Ka buɗe ƙofar haske don fuskar ta fito, riga ta ƙone, aikin da maɗinki ya yi wata da watanni yana yi ya zama fili fetal. Mafita ita ce ka saɓa wa ma'aunin da saninka. Mukan kai mutum inuwa mai sarari, bakin zaure ko gindin katanga, da hantsi ko bayan la'asar, yaro ya riƙe farin kwali daga gefe yana mayar da haske kan fuskar. Sauran aikin kuma a ɗakin duhu ake ƙarasa shi, ƙarƙashin jar fitila. Lokacin da injin faɗaɗawa yake zuba haske a kan takarda, sai ka sa ɗan guntun kwali a bakin siririyar waya kana kaɗa shi a saitin fuskar na 'yan daƙiƙoƙi don kada ta yi duhu da yawa, sannan ka haɗa tafukan hannunka ka bar 'yar kafa, ka ƙara wa ƙirjin rigar haske har aska takwas ta bayyana zare-zare. Ruwan maganin wanke fim baƙi-da-fari ma'aunin zafi 20 yake so. A watan Maris da Afrilu ko ruwan randa ya wuce haka, sai mu sayo ƙanƙara mu jera kwanukan magani a kai, mu yi aikin cikin dare. Duk wannan wahala don abu ɗaya ce: idan matar mutum ta karɓi hoton ta ce mijinta ne, da launinsa, da zanensa, da shekarunsa.

Ba zan ce fim ya yi mana adalci ba, domin ba don fatarmu aka haɗa shi ba. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanke hoto mai kala wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley. Da shi ake saita inji: idan fatar Baturiyar ta fito daidai, an ce inji ya zauna. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta cewa cikin abubuwan da suka tura kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa yake nuna launuka masu duhu har da koken masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda tallansu ya kasa bambanta katako mai duhu da mai haske. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa baƙar mace da 'yar Asiya da Baturiya. Mu da muke aika fim mai kala zuwa manyan wuraren wanki mun ga haka da idonmu, fuskoki suna dawowa da kore-kore ko toka-toka. Kuma hotunan kala na shekarun 1980 da yawa sun koɗe sun koma ja a cikin albam, saboda rinin da ke jikin takardar ba ya jure zafi da daɗewa. Baƙi-da-fari da aka wanke da kyau ne yake nan daram.

Ba kuma zan ɓoye cewa ana gyara a zamaninmu ba. Akwai fensir mai tsini da ake taɓa nagatif da shi, wato fim ɗin da aka wanke wanda ake buga hoto daga gare shi. Amma maigidana yana da ƙa'ida: ƙurjin da zai baje nan da mako guda a cire shi, abin da mutum zai shiga kabari da shi a bar masa.

Sauyin ya zo da sauri. Wani injiniyan Kodak ɗin nan, Steven Sasson, shi ya harhaɗa kyamara marar fim tun 1975, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi-da-fari a kaset. A shekarar 2000 kamfanin Sharp ya fitar da waya mai kyamara a Japan, a 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, a 2012 Kodak ya je kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi. Alherin da waya ta kawo ba ƙarami ba ne, kuma duk wanda ya musa bai yi gaskiya ba. Akwai gidaje a ƙauyukanmu da kakanninsu suka zo duniya suka koma ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba, yau jaririn da aka haifa jiya yana da hoto. Waya tana ɗauka a ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya inda fim zai ba ka baƙi ƙirin. Lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, hotunan da mutanen gari suka ɗauka da wayoyinsu ne suka fara nuna wa sauran ƙasa girman abin. Da kyamarata ce, sai an kwana biyu kafin a ga ko ɗaya.

Sai dai ya kamata masu karatu su san abin da wayar take yi idan an danna. Fim na ƙaramar kyamara faɗinsa milimita 36, tsayinsa 24. Farantin da yake karɓar haske a cikin wayoyin da ake ji da su bai wuce milimita 13 da 9 ba, wato fim ya ninka shi wajen sau bakwai, na wayoyin da yawancinmu muke riƙewa kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ƙaramin faranti haske kaɗan yake tarawa. Don ta cike wannan giɓi, waya ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Tana ɗaukar da yawa a jere cikin ƙiftawar ido, wasu da haske, wasu da duhu, ta haɗe su, ta share ɗigo-ɗigon da ƙarancin haske ya jawo, ta kaifafa gefuna, ta gane cewa nan fuska ce, nan sama ce, nan ganye ne, ta yi wa kowanne fenti irin wanda aka koya mata cewa mutane suna so. Abin da ya fito a fuskar wayar hukuncin manhaja ne a kan abin da ta gani. Aikin da nake yi da kwali da tafin hannu ita ma shi take yi, har ta fi ni sauri, amma ni na san mutumin da ke gabana, kuma zan haɗu da shi a masallaci idan na ɓata masa fuska.

Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko kowace rumfar waya a Gusau ko Maraɗi, tambayar farko ita ce "kyamararta nawa ce?" Mai shago ya ce megafiksal 50, wani ya ce 108, Samsung ma ya kai 200 a 2023. Megafiksal ƙidayar ɗigon da aka yanka farantin ne, ba girman farantin ba. Kamar gonar gado ce, yawan magada ba ya ƙara mata faɗi, rabon kowa ne yake raguwa. Su kansu masu ƙera wayoyin sun san haka, shi ya sa mai 48 takan haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya, mai 108 ta haɗe tara, a ƙarshe hoton da take ba ka na yau da kullum 12 ne. Matashi ya tara kuɗin gumi ya sayi lamba.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne fata. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar Afirka, kuma cikin dalilan har da yadda ya saita kyamarorinsa su riƙa fito da baƙar fuska ko da haske bai wadata ba. Google ma a 2021 ya fito da nasa tsarin a wayar Pixel 6 don launin fata ya fito yadda yake. Wannan ci gaba ne na gaske, abin da muka yi shekaru muna fama da shi da ƙanƙara da kwali. To amma a cikin wayoyi da yawa, musamman kyamarar gaba ta ɗauki-da-kanka, akwai maɓallin kwalliya da yake zuwa a kunne, ga kuma filtocin manhajoji a kai. Fito da baƙar fuska daban, mayar da ita fara daban, kuma mun bar na biyun ya shige rigar na farko. Na ga hoton Bagobiri da zanen kumatunsa ya dushe kamar ba a taɓa yi ba. Na ga bille ya ɓace, na ga tsagar Barebari ta zama inuwa-inuwa, na ga tabon sallah a goshin dattijo manhaja ta ɗauke shi a matsayin datti ta goge. Tsohuwa mai shekara saba'in a ba ta kumatun budurwa, a ce an kyautata mata. Waɗannan tamoji ta same su ne da haihuwa da raino da surfe da takaba, kuma su jikokinta za su so gani.

Yarinya ta tashi tun tana 'yar shekara goma tana ganin fuskarta a waya ta fi wadda take gani a madubi haske. Kullum, sau da yawa a yini. Wace fuska za ta ɗauka ita ce tata? Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan mayukan bilicin da illar da suke yi wa fata da ƙoda. Ban ce waya ce ta kawo bilicin ba, ya riga ta zuwa. Amma a da mai son fari sai ta je kanti ta saya, yanzu kuwa ana nuna wa kowace yarinya samfurin farar kanta kyauta, kafin ma ta yi tunanin tambaya.

Kuma abin yana da illa ta zahiri. Dubi hotunan cigiya da ake yaɗawa idan yarinya ta ɓata ko wani ya fita bai dawo ba. Sau da yawa hoton da iyaye suke da shi mai filta ne: fata ta yi fari, hanci ya sirance, idanu sun ƙara girma. Wanda ya wuce ta a tasha ba zai gane ta ba. Dubi maganar aure, a tura wa saurayi ko budurwa hoto daga wani gari, ranar gani da ido a shiga jin nauyi, a rasa abin cewa, wanda aka gyara wa hoton ya fi kowa shan kunya alhali ba shi da aibin komai. Wani abokin sana'ata da har yanzu yake buga fasfo ya ce mini yanzu rigimarsa da masu zuwa ita ce ya ɗauke su yadda suke su ce ya ɓata su, su ciro na waya su ce wannan za a buga.

A 2023 wani mutum ya gwada wata wayar Samsung. Ya samo hoton farin wata, ya dusashe shi da gangan a kwamfuta har ba a ganin komai sai farin dunƙule, ya kashe fitila, ya koma ƙarshen ɗaki ya ɗauki fuskar kwamfutar da wayar. Sai ga wata ya fito da ramukansa da tabbansa, abin da babu shi a hoton da ke gabanta. Kamfanin ya yi bayani cewa manhajar tana gane wata, sannan ta yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ta ƙara masa bayani. Mu al'umma ce da take ɗaukar azumi ta ajiye da ganin wata, kuma muna saurin cewa "ai ga hoto nan." Nagatif shaida ne, domin hasken da ya taɓa fuskar mutum shi ne ya taɓa fim ɗin, kuma za ka iya ɗaga shi sama ka duba ko an taɓa. Hoton waya sai an yi masa tambayoyi kafin a karɓi shaidarsa.

Sai maganar daɗewa. Hoton yau an yi shi ne don fuskar waya mai faɗin tafin hannu, a kalla a wuce. A nan yana da kyau ƙwarai. Ranar da aka ce a faɗaɗa shi a sa a firem, ranar ake ganin fatar ta zama kamar roba, gashin gira ya haɗe, zaren hula ya narke. Wasu bayin Allah sun zo gidana bayan rasuwar mahaifiyarsu, suna so in taimaka a buga hotonta babba. Wayar da aka ɗauka da ita an sace, abin da ya rage shi ne wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, kuma manhajojin tura saƙo suna matse hoto don ya yi sauƙin tafiya. Da muka buga, ko girman littafin makaranta bai kai ba ya farfashe. A gidan nan kuwa akwai hoton kakansu na zamanin Sardauna, baƙi-da-fari, ana iya ƙirga layukan rawaninsa. An ɗauki mahaifiyar nan hoto ya fi a ƙirga, an ɗauki kakan sau ɗaya, amma nasa ne ya rage. Roƙona ga iyaye shi ne duk shekara, ko bayan Sallah ne, a zaɓi hotuna goma na iyali, a kashe kwalliyar nan kafin a ɗauka, a kai a wanke a takarda mai kyau, a rubuta suna da shekara a baya da fensir. Idan za a tura wa ɗan'uwa hoton da ake so ya ajiye, a tura shi a matsayin fayil don ya isa da cikarsa.

Na ji cewa a Turai da Amurka da Japan matasa sun koma sayen fim, har Kodak ya dawo da fim ɗinsa na Ektachrome a 2018, Pentax ya fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024. Ba na kiran kowa a nan ya bi su, tsadar ta fi ƙarfinmu, kuma wuraren wankin fim sun yi wuyar samu.

Abin da nake kira a kai shi ne wanda muka riga muka ɗauka. Seydou Keïta ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutanen gari irin yadda muke yi, ya adana nagatif ɗinsa dubbai. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da an san sunan mai su ba, aka bi sawu aka same shi da ransa, aka buga hotunan nan manya-manya daga nagatif ɗin da ya ajiye, kuma ba su farfashe ba. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a 2007. A nan gida J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara wajen dubu, yau da su ake sanin kitson da aka daina yi. Irin wannan dukiya tana nan a Sabon Garin Kano, da Tudun Wadan Kaduna, da Jos, da Sakkwato, da Damagaram, cikin kwalaye a ƙarƙashin gado: hawan Sallah, naɗin sarauta, 'yan makarantar allo, amare da lallensu, alhazai ranar dawowa, 'yan dambe, ma'aikatan jirgin ƙasa da na masaƙu. Masu su suna mutuwa, magada ba su san darajarsu ba, gara da damina suna cin rabonsu, wasu ma a bola suke ƙarewa. Ina roƙon Arewa House da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da sassan tarihi na jami'o'inmu, su fita neman waɗannan kwalaye tun masu iya cewa "wannan wane ne, a shekara kaza" suna raye, a saya ko a karɓi aro, a kwafe su a kwamfuta, a mayar wa iyali kwafinsu.

Wanda kuma ya gaji irin wannan kwali, don Allah kada ya goge nagatif da tsumma ko ya sa masa ruwa. A riƙe shi ta gefe, a raba kowanne da ɗan'uwansa da farar takarda mai tsabta, a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da rufin kwano da ɗakin girki. Idan an buɗe aka ji wari mai tsami, fim ɗin ya fara lalacewa ke nan kuma yana shafar na kusa da shi, sai a ware waɗannan daban, su za a fara kaiwa a kwafe.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Tsohon mai ɗaukar hoto,
Tudun Wada, Zariya.